Hular Wanzami a Kan Ruwan Shari

Ni Mati, mutumin Damagaram, mai kanwa na unguwar Ambasatna, abin da ya cinye tsararrakina ni lasata ya yi ya tofar. Yunwar da ta ƙarar da shanun Fulani a hanya ta same ni, da ƙafa na wuce ta. A yaƙin da ya raba Njamena gida biyu, harsashi ya huda butar da ke hannuna ina cikin alwala, na ƙarasa da sauran ruwan. Kwalara ta kwantar da ni har an sayo likkafani, na tashi na kai wa tela ya ɗinka mini riga da shi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ku nemo wanda ya ga abin da na gani.

Duk da haka, abin da ya fara ɗaure mini kai a duniya a cikin akwati na gan shi.

Ni na fara shigo da tele, akwatin talabijin, layinmu. A Kusiri na sayo ta, tsallaken kogi, mai hoto fari da baƙi. Wutar garin nan baƙuwa ce, ta zo ta gaisa ta tafi, don haka da batirin mota nake kunna ta. Na kafa gora wadda ta fi ta kowa tsawo, na ɗaura mata eriya tana duban Kamaru. Duk Asabar bayan la'asar zaurena ba wurin sa ƙafa, don a lokacin ne ake nuna Sarkin Tsalle.

Mu muka raɗa masa wannan suna, nasa na ainihi ya fi ƙarfin bakinmu. Da Faransanci suke magana, ni kuwa Faransancina na gaisuwa da ɗan sanda ne. Amma ido ba ya neman tafinta. Mutum ne da ke rufe fuska, ya ɗaura mayafi a wuya, ya daka tsalle daga kan wannan bene ya dira kan wancan, a wani gari da gidajensa suka shige cikin gajimare. Ranar farko da na ga ya faɗo daga sama ya tsaya a kan ƙafafunsa, sai da na zagaya bayan akwatin na duba. Mutane suka yi dariya. Su da ba su da akwatin.

Shi Sarkin Tsalle kowa na son sa. Ni kuwa mugayen ne suka sace mini hankali. Akwai Uwar Zuma, mai tuluna cike da ƙudan zuma, tana buɗe murfi gari ya watse. Akwai Tela, mai almakashi kamar ƙofar gareji, wanda ke ɗinke mutane cikin buhu. Sai babbansu, ƙaton mutum mai malafa, wanda in ya yi murmushi haƙorinsa ya yi walƙiya har sai hoton ya girgiza. Muka sa masa Haƙorin Makka. A kama su, a ɗaure su, a jefa su daga kan gada, bayan 'yan makonni sai ga su sun dawo da sabuwar dabara, ko tabo babu. Haƙorin Makka ya faɗa teku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum malafarsa ce ke tasowa tana yawo a kan ruwa, Sarkin Tsalle ya tsamo ta, ya tsaya yana duban ta. Ni na san abin da ke ransa. Mai tsira ya san ɗan uwansa.

Wanda ke zama kusa da ni kullum shi ne Siradji wanzami. Ubansa ya baro Kano da ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a nan, zangon ya zama gida. Bakano ne, ni Badamagare, kun san abin da ke tsakani: wasa ne da kakanni suka bar mana, na zage shi ya zage ni, ba mai fushi. Shekara da shekaru shi ke yi mini aski, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ƙarasawa ba. A can ƙasan ƙeya, wajen dama, sai ya bar ɗan gashi kamar girman farce. Haka ubansa ke yi wa kowa, wai su matafiya ne, askin da ake ƙarasawa sai na Makka. Liman ya yi magana a kai har ya gaji.

Yana da haƙorin zinariya guda, wanda aka sa masa a Maiduguri.

“Ga ɗan uwanka nan ya fito,” in ce masa in mugun ya bayyana a akwati. “Ku biyu kun yi haƙori, ba wanda ya ga Ka'aba.”

“Rufe baki kada in yanke maka kunne, mai warin kanwa. Wannan karon dai ya mutu. Ka ga zurfin ruwan nan?”

“Ka ga gawa?”

“Ga malafarsa can.”

“Malafa na tambaye ka?”

Haka muke yi duk lokacin da mugun ya nutse, kuma duk lokacin ni ke da gaskiya. Ɗansa Habibou, wanda ya yi lakwal, wato boko, har ya zama malamin makaranta, ya taɓa ce mini, “Baffa, ba wani sirri ba ne. Akwai mai shirya abin. Shi ke dawo da mugun, don in ya mutu kallo ya ƙare.” Na ce masa ya je ya koya wa yara.

Aka daina nuna Sarkin Tsalle, tele masu kala suka cika gari, tawa ta mutu Hadjara matata ta mai da ita wurin ajiye kwanuka. Amma gorar tana nan, kuma Siradji bai fasa zuwa ran Asabar da zabirarsa ba.

Sai shekarar da 'yan tawaye suka shigo har tsakiyar gari, cikin sanyi. Wanda ya ji ƙarar nan ba ya son a tuna masa. Ni ban motsa ba, na ce wa Hadjara wanda bai gudu a babban yaƙi ba ba zai gudu a ƙaninsa ba. Amma rabin gari ya kwarara Kusiri. Habibou ya ɗauki uwarsa Zulaikha suka bi ta gada. Siradji ya ce su yi gaba, ya manta zabirarsa, askar ubansa na ciki. Da ya fito hanyar gada ta toshe, sai ya gangara bakin kogin Shari ya shiga kwalekwale.

Da harbi ya lafa mutane suka fara dawowa, babu shi. Waya ba ta tafiya a kwanakin. Habibou ya zaga asibitoci, ya zaga inda aka tara gawarwaki, ya koma Kusiri ya bi rumfunan 'yan gudun hijira. Daga baya wasu mutum biyu 'yan unguwar Bololo suka zo gidan. Suka ce jirgi ɗaya suka shiga da shi, kaya ya yi yawa, ya kife a tsakiyar ruwa. Sun ga jirgin ya buge shi, sun ga ya nutse, ba su ga ya taso ba. Ɗayansu ya ciro hula daga aljihu, ya ce a cikin ciyawar bakin ruwa ya tsince ta.

Ina tsaye a ƙofar gidan aka miƙa wa Habibou hular. Jar dara ce da ta koɗe, na san ta kamar tafin hannuna. Mata suka fasa kuka a ciki. Ni kuwa dariya ce ta kuɓuce mini.

Kowa ya juyo. Liman Muntaka ya riga ya sa an fito da tabarmi a naɗe, za a shimfiɗa na zaman makoki. Na san garin nan: muddin tabarma ta taɓa ƙasa, an daina nema. Za a yi addu'a, a raba gumba, Zulaikha ta kwance kitso ta shiga takaba, in ma Siradji na kwance wani wuri yana nishi, ba wanda zai sake ɗaga ƙafa dominsa. Sai na je na zauna a kan tabarmin, na miƙe ƙafafuna.

“Malam Mati,” in ji Liman, “yau ba ranar wasa ba ce.”

“Allah gafarta Malam, wasana da Bakano ba shi da ranar hutu. Bawan kakana ne. Ban sallame shi ba.”

Ba wanda ya isa ya ɗaga ni. Al'ada ce, abokin wasa yana iya tare makara ma a hanya, sai an lallashe shi. Amma sun ga ba lallashi nake jira ba.

“Rai na Allah ne,” in ji Liman a hankali. “Ga shaidu biyu.”

“Na Allah ne, Malam. Shaidun sun ga gawa?”

“Sun ga ya nutse. Ga hularsa.”

“Hula na tambaya?”

Habibou ya gane inda maganar ta fito. Idonsa ya yi ja, ya durƙusa gabana. “Baffa, don girman Allah. Wannan ba tele ba ce. Baba ya haura saba'in, ko a kududdufi bai iya iyo ba. Ka bar mu mu yi masa addu'a.”

Maganarsa ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya ɗinka riga da likkafaninsa ba a koya masa wane ne matacce.

Sai muryar Zulaikha ta fito daga bayan labule. Ba ta ɗaga ta ba. “Malam, ban kwance kitsona ba tukuna. A bar Mati zuwa Juma'a. In aka sauko daga masallaci bai zo da komai ba, a shimfiɗa.”

Liman ya ce hakan ya yi. Na karɓi hular daga hannun Habibou na sa a aljihu.

Na bi bakin Shari da ƙafa. Ni na yi fataucin kanwa a ruwan nan tun daga tafki, na san kowane lungu da yake ajiye abin da ya ci. Na duba cikin ciyayi, na duba kan yashi, na tambayi masu wanki da masu ɗiban ruwa. Na ga takalma, na ga tukwane, na ga abin da ba zan faɗa ba. Ban ga Siradji ba. Ran Laraba na dawo gida ƙafafuna sun kumbura. Hadjara ta ajiye mini ruwan zafi, ta ce, “Mati, in kunya kake ji, kunya ba ta kisa. Ka je ka ce a shimfiɗa.”

Ina duban tsohuwar akwatina da kwanuka a kanta, sai na tuna wani abu. Sarkin Tsalle bai taɓa shiga ruwa neman Haƙorin Makka ba. In ya tsamo malafa, gari yake komawa ya zuba ido. Don mugu ba ya iya barin halinsa. Ba a daɗewa sai a ji zuma ta harbi wani a kasuwa, ko a tsinci wani a ɗinke cikin buhu, shi ke nan an san wane ne ya dawo. Aikinsa ke riga shi isowa. Ni kuwa na ɓata kwanaki ina duban ruwa.

In Siradji na da rai kuma hannunsa na motsi, to wani ya sha aski.

Ran Alhamis na koma bakin kogi, inda masunta ke sauke kifi. Sun fara dawowa kaɗan kaɗan. To amma kowa da hula ko rawani, ba za ka bi mutane kana tuɓe musu kai ba, balle a kwanakin da kowa ke a tsorace. Sai na jira azahar. Da aka kira salla suka jeru a bakin ruwa suna alwala, kowa ya cire abin kansa zai yi shafa. Na bi ta bayansu a hankali kamar mai neman abin da ya yar, ina duban ƙeya ɗaya bayan ɗaya. Wannan gashi ya cika. Wannan sanƙo ne. Wannan askin reza ne, na 'yan zamani.

Can kusa da ƙarshe, wani dogon masunci ya sunkuya. Kansa fes, sabon aski yana sheƙi. A ƙasan ƙeyarsa, wajen dama, ga ɗan gashi nan. Bai tsaya a girman farce ba ma, ya kai babban yatsa.

Na zauna a kan yashi har ya idar da salla. Sannan na tambaye shi da Larabci wa ya yi masa aski.

Ya shafa kansa ya yi dariya. “Wani tsoho ne da kogi ya kawo mana. A cikin komarmu muka same shi, mun zaci kifi ne babba. Ƙafarsa ta karye, bakinsa lafiya lau. Ya aske ƙauyen duka, ba wanda ya ƙarasa wa.”

Ya ce tsohon ya roƙe su su kai saƙo Ambasatna, gida mai doguwar gora. Amma su mutanen tsallake ne, ba su da takardun nan, soja kuwa na kowace mahaɗa. Bakin ruwa suke tsayawa su sayar su juya.

Na shiga jirginsa muka bi ruwa. Na san Shari, na ce, amma ranar kamar ban taɓa ganin sa ba. Muka wuce inda kogin Logon ke zubowa, ruwa biyu suna murɗa juna. Muka wuce garken dorina suna huci. Muka wuce gari har gine-ginensa suka ɓace, muka wuce tsibiran yashi, muna ta tafiya rana tana karkata. Ina duban faɗin ruwan nan ina auna tsoho mai karyayyar ƙafa, wanda bai iya iyo ba, a cikinsa, cikin sanyi. Duk kurin da na saba yi ya bi ruwa. Ni dorina ta taɓa kifar da ni, amma ina saurayi, kuma gaɓa na kusa.

Ƙauyen 'yan bukkoki ne a kan tudu. A gindin wata tsamiya na hango mutum zaune a kan tabarma, ƙafarsa ɗaure da kara irin na masu ɗori, wani ya durƙusa gabansa ya ba shi kai. Zabira na rataye a wuyansa. Ya ɗago, ya gan ni, ya yi murmushi. Hasken yamma ya bugi haƙorin.

Na tsaya. Sau nawa na ga wannan a cikin akwati, mutane na salati a zaurena, ni ina cewa ai na faɗa muku. Yau ga shi a gabana da nama da jini.

“Ka makara, Badamagare,” in ji shi. “Dubi kanka kamar gonar da mai ita ya mutu.”

Na ciro hular na jefa masa a cinya. “Ungo. Saura kaɗan a ci gumbarka.”

Ya juya ta a hannu. “Zulaikha fa?”

“Kitsonta na nan. Zuwa gobe bayan Juma'a.”

Ya goge askar a gwiwarsa ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, “Da na ga ba mai kai mini saƙo, sai na riƙa ƙara girman gashin. Na ce a duk Njamena akwai mahaukaci guda da zai tsaya duban ƙeyar mutane.”

“Yaya aka yi ka fita, Siradji?”

“Ban sani ba.”

“Ka kama wani abu? Jarka, ko itace?”

“Zabirata kawai na riƙe. Na yi shahada, na ji ruwa ya rufe ni. Sai na farka ana ja na cikin kifi.” Ya dube ni, babu wasa a fuskarsa. “Mati, ban yi komai ba. Ko hannu ban ɗaga ba.”

A nan na kwana. Da safe masunta suka kwantar da shi a jirgi, mutum huɗu suka tuƙa mu muna haurar ruwa. A bakin gaɓa na ɗauki hayar amalanke, na ɗora shi, na ce ba mai tura shi sai ni. Sojan da ya tsayar da mu ya dubi tsofaffi biyu da karyayyar ƙafa, ya ce mu wuce.

Mun shigo layinsu an sauko daga masallaci. Habibou na tsaye da tabarma a hannu, ya kama bakinta zai warware. Liman Muntaka na gefe da jama'a. Ba wanda ya yi ihu. Kowa ya tsaya cak, kamar yadda ake yi a zaurena in malafa ta taso. Tabarmar ta zame daga hannun Habibou. Liman ya ɗaga hannuwansa sama, bakinsa na motsi.

Labule ya ɗaga. Zulaikha ta fito, bayanta wata tsohuwa riƙe da tsinken tsifa. Ta zo har gaban amalanken, ta dubi ƙafar, ta dubi zabirar, ta dubi fuskarsa.

“A kan wannan jakar ka bar mu a gada,” ta ce.

“Askar Baba ce,” in ji Siradji.

Ta sa hannu ta gyara masa zaman hular. Sannan ta juya ta ce wa tsohuwar ta mai da tsinkenta.

An shimfiɗa tabarmin dai, amma na barka. Gumbar da aka daka ni na fi kowa ci, haƙƙina ne. Ana cikin haka Habibou ya zo ya durƙusa kusa da ni.

Na ce, “Malamin makaranta, kai ka ce mini wancan na cikin akwati akwai mai shirya shi, shi ke dawo da shi.”

“Na faɗa, Baffa.”

Na nuna masa ubansa, yana can kan tabarma ya riga ya kama kan wani maƙwabci yana jiƙawa. “To wannan fa?”

Ya juya yana duban ubansa.

Washegari Asabar ce. Na je da kaina, tunda shi ba ya iya zuwa. Na durƙusa na ba shi kai, ya aske tas, ya zo ƙasan ƙeya wajen dama ya ɗage askar.

“Ƙarasa mana, Bakano.”

“Ba mu isa Makka ba tukuna,” in ji shi.